Ranar Dawowar Umma

Har yau ina jin ƙarar fankar ajinmu a Tarauni tana kaɗa gefen takardata a kan teburin Malama Hadiza. Ina aji huɗu. An sa mu rubuta insha'i a kan gidanmu, ga Umma kwance a asibiti sati biyu.

Malama ta ɗora jan bironta a kan layina na ƙarshe: "Umma za ta dawo kwanan nan."

"Kwanan nan ɗin yaushe?" ta ce. "Gobe ne, ko jibi, ko gata? Da hantsi ko bayan la'asar? Mai karatu yana son ranar da zai jira."

Duk wanda na tambaya a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, daga Baba har Gwaggo, amsar ke nan. Sai a lokacin na lura babu rana a cikinta. Na tsaya ina murza bakin hijabina, ina tunanin ko ranar ce babu gaba ɗaya.

"Malama, haka aka ce mini."

Ta dube ni jim, ta rufe biron. "Je ki zauna, 'yata."

Sai da na shiga jami'a Umma ta gaya mini cewa a yammacin nan Malama ta hau adaidaita har asibiti, ta ce wa Baba, "Alhaji, ku ba yarinyar nan rana, ko da mai nisa ce."