Injin Ya Ɗau Zafi

"Zai ƙone!" Dogo mai niƙa ya kwatsa ihu, ya kashe injin.

Dokar maigida ce, in inji ya ɗau zafi a ba shi hutun rabin awa. Shi kuwa Dogo kwana tara ke nan bai ga hutu ba. Ya zube kan buhu.

Sai ga maigida a guje. Ya dafa injin, ɗumi ne kawai irin na kullum.

"Kai Dogo, ni za ka raina wa hankali? Zo ka taɓa!"

Ya fizgo hannun Dogo, ya yi maza ya saki. Hannun kamar garwashi.

Maigida ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi, ashe ba injin ba ne. Tashi ka tayar, mutane na jira."