Layin Goggo Tabawa

Tun da neman magani ya koma hannun na'urar amsa waya, mutum ɗari kawai take saurara a lokaci guda. Wanda ya ja zance ta katse shi, ya koma ƙarshen layi. Lantana ce ta saita hakan a wurin aikinta.

Da hantsi layi ya zo kan goggonta Tabawa. Mijin Tabawa na kwance yana numfashi sama-sama, na'urar kuwa muryar matarsa kaɗai ta sani.

Lantana ta miƙa mata wayar. "Goggo, sunan maganin kawai za ki faɗa!"

Tsohuwar ta gyara mayafi. "Salamu alaikum. Ina kwana? Ya aiki, ya mutanen gida?"

Wayar ta ɗauke ɗif.

"Lantana, sun yi fushi ne? Bari layi ya dawo, in gaishe su da kyau."