Alabe a Buhun Wake

Tana zazzage waken ƙosan da mijinta ya sayo mata a kasuwar Tsanyawa, sai alabe ya faɗo cikin ƙwarya.

"Malam, zo ka gani!"

Nan take ya gane shi. A kan alaben nan aka tsare shi jiya a tasha, aka lalube aljihunsa a gaban jama'a, don kawai ya tsaya kusa da dattijon da aka yi wa sane. Buhunsa na jingine a gefe, ba wanda ya kula. Ba a sami komai ba, amma har ya hau mota ana nuna shi da baki.

"Jefa shi masai," in ji ta. "In ka mayar, cewa za su yi da ma kai ne."

"In na jefa kuma, ai sun yi gaskiya."

Ya hau keke, ya ratsa gonakin dawa yana tambaya har ƙauyen dattijon. Tsohon ya karɓi alaben, bai ko buɗe ba.

"Yafe mini, ɗana. Ranar kasuwa zan wanke ka a inda na kunyata ka."

Ya dawo da la'asar, zuciyarsa wasai. A ƙofar gida ya tarar da wani baƙo zaune kan babur, yana murmushi.

"Sannu da zuwa, Malam. Buhun waken jiya nake so ka sayar mini, ko nawa ne. Ba ku dai kwance shi ba ko?"