Ƙuri'ar Kawu Bashar

"Yalla, a ja layi," in ji mai ƙirga. "Ƙato bayan ƙato, kamar a gida."

An sauko daga Juma'a, Hausawan unguwar International City a Dubai na zaɓe kan tambaya ɗaya: a mayar da masaukin ƙungiya siton kaya, ko a bar wa waɗanda korona ta raba da aiki?

Gidaɗo ne ya kawo shawarar sito, shi ne a gaban layinta. Ya kasa ɗaga kai. Kawu Bashar, yayan mahaifiyarsa Ummulkhair, wanda ya kawo shi Dubai, a masaukin yake kwana tun da aka sallame shi daga aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali.

Aka ƙirga, aka yi kunnen doki.

"Saura mutum ɗaya, yana neman takalminsa."

Kawu Bashar ne. Gidaɗo ya yi ajiyar zuciya, gara ma shawarar tasa ta faɗi.

Tsohon ya taho yana ɗingishi, ya wuce layin masauki, ya shiga na sito.

Gidaɗo ya isa gare shi. "Kawu, ba nan ba ne."

"Na sani. Ɗan Ummulkhair ba zai sha kaye a bainar jama'a ina raye ba. Ka dai samo mini kwalin da zan zuba kayana."