Tarhon Ɗakin Taro

Tunda na ga ka zauna ka haɗa kai da gwiwa a kan abin da ba ka tabbatar ba, bari in ba ka misalin wata sakatariya. Da azumi ma'aikatarsu ta shirya shan ruwa a ɗakin taro, ita ce ta janye teburi don a shimfiɗa tabarmi, ta cire kebul, wato igiyar waya, na babban tarhon da ake ganawa da mutanen wasu garuruwa da shi. Da aka watse ta mayar. To, soket biyu ne a bangon, wato ramukan cusa kebul, kamarsu ɗaya sak kamar Hassan da Husaini, ta cusa a wanda hannunta ya fara kaiwa. Washegari tarho ya ƙi ko ƙyaftawa. Nan take masana suka yi yawa, har da wanda bai iya canja ƙwan fitila ba, kowa na cewa ta ƙone shi. Manaja ya ce idan haka ne, ta nemi wani wurin. Ga shi da wannan aikin take riƙe da marayunta. Ranar ko kunun buɗe baki bai wuce mata ba.

Da mai gyara ya zo, bai saurari kowa ba. Ya shinshina tarhon, babu ƙaurin ƙuna. Ya ɗauke shi zuwa wani ofis, ya haɗa shi da kebul ɗin wani tarho da ke aiki a can, sai ga shi ya kawo haske. Ya dawo da shi, ya sa kebul ɗinsa a soket na biyun, nan ma ya kama. Ashe ta kebul ɗin ne tarhon yake samun wuta, soket na farko kuwa ba ya ba da ita. Ya ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, yunwa ce kawai. Kuma soket ɗin ba alama, ko ni ne zan iya kuskurewa." Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa ta hawaye, don ba wanda ya roƙe shi ya faɗe ta. Ta bi shi har bakin ƙofa tana sa wa iyayensa albarka. Har yau tana kan kujerarta, kuma ba ta yin addu'a ta manta da shi.

Tsakanin baƙin cikinta da maganinsa ko taƙi ɗaya babu. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.