Wasiƙun Laraba

Kowace Laraba da hantsi Hedimasta yakan goge gilashinsa da bakin riga, ya ja kujera gaban kwamfutar falo. Shekara goma ke nan da yin ritayarsa. Ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, amma bakin nan yana nan da kaifinsa kamar ranar da ya ajiye bulala.

A gefen hagu na allon, jakunkunan saƙo huɗu ne a jere: masu shigowa, waɗanda aka aika, waɗanda ba a gama rubutawa ba, sai shara. Ya haddace su kamar rajistar aji. Da zarar lamba ɗaya ta bayyana a gaban ta farko, ya san 'yarsa Auta ta rubuto.

Auta ta bar gida shekara uku da suka wuce, bayan wata sa-in-sa da suka yi, ta kama aiki can nesa. Wata biyu tsohon ya yi yana tura kwanon abinci gefe, har likita ya fara girgiza kai. Sai wasiƙa ta soma zuwa. Ba ta kira a waya, ba ta zuwa, amma ba ta kuskuren Laraba. Takan tambayi gwiwarsa ta hagu, ta ce ya sha farar ƙwaya bayan abinci, ba kafin ba. Sau ɗaya tak ta makara, makon da zazzaɓi ya kwantar da babban ɗansa a asibiti.

Babban ɗan nan shi ne jakin gidan. Shi ke yi wa tsohon wanka, shi ke yanke masa farce, shi ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka tare a ɗakunan baya don kada a bar uba shi kaɗai. Ladansa harara. Idan ya dawo daga ofis, uban ya zaunar da shi ya buga masa amsa.

"Rubuta mata: ke kaɗai na haifa. Yayanki dai yana nan kamar kujera, a zauna a kansa, ba ya cewa uffan."

Shi kuma ya buga, harafi bayan harafi. Bai taɓa tsallake kalma ɗaya ba.

Ran wata Litinin kwamfutar ta ƙi tashi. Ɗan ya roƙi a bari sai ya taso aiki ya haɗa ta da kansa. Hedimasta ya ce Laraba ba za ta jira mai sanyin jiki ba. Ɗan yana fita, aka tura matarsa ta kira mai gyara.

Mai gyara ya canja abin da ya ƙone, ya sake ɗora manhajar imel, yana aiki yana kwantar wa tsohon hankali.

"Baba, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Wasiƙunka ba a wannan akwatin suke zaune ba, suna can a ajiye a saba, wato babbar kwamfutar masu imel ɗin. Wannan taga ce kawai. Kuma jakar da aka sa wa maki, ita kaɗai take nuna maka."

Don a huta, sai ya sa wa dukkansu maki.

Jaka ta biyar ta faɗo ƙarƙashin shara. Sunanta Auta. A gabanta lamba ashirin da uku, baƙa wuluk, alamar ba a buɗe su ba. Idon Hedimasta ya mutu a kan ƙananan rubutu, amma sunan 'yarsa ko a duhu ya gane shi.

"Wa zai iya ɓoye jaka?"

"Duk wanda ya san kalmar sirri, Baba. Ko daga nesa ma."

Mutum ɗaya ne ya santa.

Da la'asar ɗan ya shigo da ledar magani a hannu, ya tarar da uban ya tara surukarsa da jikokinsa a falo, ga maƙwabci, ga mai gyara an hana shi tafiya. Ya dubi allon, ya ga jakar Auta. Abin da ya iya faɗa kawai, ga mai gyara ya faɗe shi.

"Don Allah, malam, kada ka buɗe."

Wannan ta ishi Hedimasta shaida. Bai ɗaga murya ba, dama bai taɓa buƙata ba. Ya kira ɗan nasa ɓarawon wasiƙa, mai baƙin ciki da ƙanwarsa tun tana goye. Ya sa jikokin suka kalli fuskar ubansu da kyau. Sannan ya ce ya bar masa gida, bai yafe masa ba duniya da lahira.

"To, Baba," in ji ɗan.

Kafin rana ta faɗi an ɗaure katifu a kan mota. Ɗan ya jera magungunan a kan tebur, ya ware fararen ƙwayoyi gefe guda, ya ja ƙofa a hankali.

Hedimasta ya gyara zama, zuciyarsa fes.

"Karanta mini, tun daga ta sama."

Mai gyara ya buɗe jakar. Can ƙasa akwai wata ta ashirin da huɗu, ita kaɗai aka taɓa buɗewa, shekararta uku, layi ɗaya ce daga Auta: Baba, ka ɗauka na mutu, kada a sake nemana. Sauran ashirin da ukun, kowace an rubuta mata kwanan wata a kanta, duk Laraba, kuma ko ɗaya cikin ranakun ba ta zo ba tukuna.

"Baba, waɗannan layi suke jira a turo maka su, ta sama ma ta jibi ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kuma duk daga kwamfutar ofishin ɗanka aka rubuta su."