Ƙofar Gaba

Doña Casilda ta damƙe tikitinta kamar wani zai fizge. Sabon takalmi yana ta cizon ta, amma ko a jikinta.

Shekara talatin da ɗaya baiwar Allah ta yi tana goge daɓen wannan katafaren gida na bakin teku, kuma kullum ta ƙofar kicin take shiga. Yanzu da ya koma gidan tarihi, ta ci alwashin sai ta taka matakalar marmara ta shiga ta gaba, ko sau ɗaya ne kafin ta mutu.

"Wai duk hodar nan don ƙofa ce?" in ji ƙawarta Nicasia. "Ko marigayi Fulgencio bai ga wannan kwalliya ba ranar aurenku."

"Fulgencio ai bai taɓa hana ni shiga ba. Wuce mu je!"

Mai zagayawa da baƙi ya tare su da murmushi, ya nuna lungun da ƙafarta ta sani ko ido rufe.

"Ta nan, Kaka. Duk baƙi ta kicin suke shiga, kada takalma su cinye marmarar."

"Ɗan nan, ta gaba na zo bi. Ga tikitina."

"Ki yi haƙuri, ko gwamna ne ya zo, ta baya zai zaga."

Bai rufe baki ba sai ga wata mata da bokiti da tsumma. Ta haye matakalar tana hamma, ta ture babbar ƙofar da ƙugu, ta shige abinta.

"To waccan fa?" in ji Doña Casilda.

"Ai ita mai goge-goge ce, Kaka. Su kaɗai aka yarje wa."